Kafin ka saya wa kunkurunka fitilar ɗumama, fara sayen ma'aunin zafi

A gidaje da dama a Bunkure da Kura za ka tarar da kunkuru yana yawo a tsakar gida, wani don sha'awa aka ajiye shi, wani kuma gadonsa aka yi. Yanzu da matasa ke kallon bidiyon masu kiwon dabbobi na Amurka da Ingila a YouTube, tambayar da ake yawan yi mini a matsayina na mai haɗa ƙananan na'urori ita ce wace fitilar ɗumama ta fi kyau, da kuma ko zan iya haɗa manhajar da za ta riƙa kunna ta daga waya. Ra'ayina shi ne an fara daga inda bai dace ba. Abin da mai kunkuru ya fi buƙata a yankinmu shi ne ya san adadin zafin wurin da dabbar ke kwanciya, dare da rana, kafin ya kashe ko sisi a kan fitila.

Dalili kuwa, jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Idan ya ji sanyi sai ya fita rana, idan zafi ya yi yawa sai ya nemi inuwa. Babban kunkurun da muka saba gani, wanda Turawa ke kira sulkata, ɗan asalin yankin Sahel ne, shi ne na uku a girma a duniya, yana iya wuce kilo 50. A daji rami mai zurfi yake tonawa ya shige lokacin da rana ta take. Wanda ke kiwonsa a Landan sanyi yake yaƙa kusan duk shekara, don haka shawararsa duk ta fitila ce. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, kuma daɓen siminti da rana ta doka ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce kakanninmu sun ajiye kunkuru shekara da shekaru ba su san wani ma'auni ba. Gaskiya ne. Sai dai tsakar gidansu ƙasa ce, ga bishiya, ga ƙarƙashin rumbu. Dabbar na da zaɓi. Yau mun shafe ko'ina da siminti ko intalok, mun yi masa keji da langa-langa a jikin katanga. Ba wurin tona rami, ba wurin gudu. Tun da mu muka ƙwace masa zaɓin, nauyin sanin halin da yake ciki ya dawo wuyanmu.

Sannan akwai hunturu. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15. A nan yankin noman rani, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir da alkama, ƙasar gidajen da ke kusa da kanal na iya riƙe danshi ko da rani. Sanyi tare da danshi shi ne ke jawo wa kunkuru ciwon numfashi: majina a hanci, kumburin ido, ƙin cin abinci. Sulkata ba ya dogon barcin sanyi irin na wasu kunkurayen Turai, don haka idan ka ga ya yi kwanaki a lafe, kada ka ɗauka hutawa yake yi.

To me za a auna? Wuri biyu, ba ɗaya ba: inda yake shan rana da inda yake fakewa. Masu kiwo sun fi son wurin shan rana ya kasance wajen digiri 35, ɓangaren inuwa kuma ƙasa da 30. Ƙananan kunkuru sun fi manya rauni, zafi na iya kashe su cikin ɗan lokaci. Kuma a sa ma'aunin a ƙasa, daidai tsayin ƙoƙon bayansa. Ma'aunin da aka rataye a bango zafin bango yake faɗa maka.

Mafi sauƙi shi ne ƙaramin ma'aunin dijital mai batir wanda ke riƙe adadi mafi sama da mafi ƙasa. Ka duba da safe ka ga iya inda sanyi ya kai da dare, ka duba da la'asar ka ga iya inda zafi ya kai. Mako ɗaya kana rubutawa a littafi ya isa ya nuna maka ko inuwa kake buƙata ko ɗumi.

Ga masu son haɗawa da hannunsu, sensar DS18B20 ta wadatar. Tana auna daga digiri 55 ƙasa da sifili zuwa 125, kuskurenta bai wuce rabin digiri ba a irin zafin da muke magana, akwai kuma wadda ruwa ba ya shiga. Ana iya jera biyu ko uku a waya ɗaya da rezista mai 4.7k, a haɗa da ESP32 ko Arduino, a riƙa adana adadin a katin memori duk minti goma. Idan ana son sanin danshi sai a ƙara DHT22.

Idan awo ya nuna lallai ana buƙatar ɗumi da dare, kada a kunna fitila haka kawai a tafi barci. A bi da ita ta tamostat. W1209 na aiki da bolt 12, ya dace da batirin sola. STC-1000 kuma masu injin ƙyanƙyasar ƙwai sun san shi sarai. Shi zai kunna idan sanyi ya sauko, ya kashe idan ɗumi ya kai. A guji kaskon gawayi a rufaffen keji, hayaƙinsa da ba a gani na kisa.

Ina rubuta manhaja, amma ban yarda a ɗora ran dabba a kan Wi-Fi ba. Data na ƙarewa, sabis na ɗaukewa, wuta na tafiya. Hukuncin kunnawa da kashewa ya zauna a cikin na'urar da ke jikin kejin. Wayarka ta zama wurin kallo kawai. Kuma babu na'urar da ta kai rumfar zana, da kwano marar zurfi na ruwa, da wani lungu da aka bari da ƙasa don ya tona.

Ƙungiyar IUCN ta sa sulkata cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda ke gidanka amana ce. Kafin bazara ta shigo, sayi ma'auni, ajiye shi inda yake kwanciya, ka fara rubuta abin da ka gani.