Emo, dandali, gargajiya: mi suna ke yi ma waƙa?



Yau maganar kiɗa za mu yi. Duk mai sauraren waƙa a talho ya san yadda masu turi ke kasa hajarsu: ga "gargajiya", ga "dandali", ga "rap", ga "gita". Yanzu kuma matasanmu masu yawo a TikTok da YouTube sun ƙaro wani suna, wai "emo". To waɗanga sunaye, amfani suke yi muna ko ɓarna?

Mu fara da baƙon. Emo ya taso a Washinton, babban birnin Amurka, wajen 1985. Wasu samari masu kiɗan gita mai ƙarfi da ihu, wanda ake ce ma pank, sunka juya daga waƙar fushi da hukuma zuwa abin da ke cin ransu: kewa, rabuwa, kaɗaici, nadama. Ƙungiyar Rites of Spring na cikin na farko. Sunan gutsure ne na kalmar Ingilishi mai nufin motsin zuciya. Abin lura shi ne ba mawaƙan sunka raɗa ma kansu shi ba. Guy Picciotto, mawaƙin wannan ƙungiya, ya ƙi yarda ma cewa akwai kiɗa mai wanga suna, don a ganinsa sauran makaɗa ma ai da zuciya suke waƙa. Bayan shekara ta 2000, sunan ya zarce kiɗa ya koma kan tufafi: baƙaƙen kaya, matsattsen wando, gashi ya rufe ido guda.

In dai waƙar ciwon zuciya ce emo, ai ba yau munka fara jin ta ba. Abzinawa suna kiran kiɗan gitarsu "asuf", wato kewa da begen gida. Dandalin soyayya kuwa bege ne da cin amana da kukan wanda anka raba da masoyi. Ciwon ɗaya ne, kayan kiɗan ne daban.

Hausawa sun ce suna linzami, kuma magabatanmu sun iya ɗaura shi. Kiɗa suke kira da kayansa da kuma mai shi. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada, goge da garaya na 'yan bori, ƙwarya ta mata. Ka ce Narambaɗa, an san kotso ne da sarauta. Ka ce Ɗan Anace, an san filin dambe ne. Ka ce Barmani Coge, an san amada ce. Sunan na gaya maka inda ake kiɗan, wa zai miƙe in an buga, wa zai sa hannu aljihu. A gari irin Filinge, inda Kurfayawa da Zabarmawan Tondikandiya da Abzinawan Imanan da Fulani ke cin kasuwa guda, da suna mai biki ke sanin makaɗin da zai aika a kira. Wanga amfani ne babba, ba mu raina shi ba.

Amma suna na ɓarna ta hanya biyu.

Ta farko, in ya yi faɗi har ya haɗiye kowa. Kalmar "gargajiya" ita ce misali. An zuba kiɗan fada da na noma da na kokowa da na 'yan mata a dandali cikin buhu guda an ɗaure. Yaron da anka haifa a 2010 zai ji su duka a matsayin "kiɗan tsofaffi", ba zai bambance kotso da kalangu ba. Abin da ba a iya kiran sunansa, ba a neman sa, kuma abin da ba a nema shi ke fara ɓacewa. Irin haka Turawa sunka yi ma Afirka baki ɗaya. A 1987 masu sayar da faifai a Landan sunka shirya kiran kiɗan da ba nasu ba "kiɗan duniya", don su samu wurin aje shi a kanti. A wannan rukuni Bombino na Agadas ya shiga takarar kyautar Grammy a 2019 da faifansa Deran. Ƙofa ta buɗe, gaskiya ne, amma gitar Ayar da kiɗan ƙasashe barkatai sun zama abu guda. A 2020 masu kyautar da kansu sunka canza ma rukunin suna.

Ta biyu ta fi muni: in suna ya tashi daga kan waƙa ya hau kan mutum. A 2008, a garin Keretaro na Meziko, taron samari sun far ma 'yan uwansu don kawai an ce 'yan emo ne. A 2012 an kashe matasa a Iraki da wanga suna, saboda aski da tufafi. Mu nan abin bai kai can ba, kuma kar Allah ya kai mu. Amma mun san yadda ake cewa "ɗan nanaye" ko "ɗan rap" a taɓe baki, an gama yanke ma yaro hukunci ba a saurari baiti ko ɗaya ba. Alhali Lakal Kaney da Wass-Wong da Kaidan Gaskiya, da sunka tada rap a Yamai, matsalolin ƙasa sunka riƙa waƙa, irin su cin hanci da zaman banza na matasa da cutar sida.

Kuma fa makaɗi nagari ba ya tsayawa cikin shinge. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008, da gitar Abzinawa da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Wace jaka za a sa shi? Yacouba Moumouni da ƙungiyarsa Mamar Kassey sun haɗa sarewa da molo da gitar zamani, har sai da anka nemo musu suna mai ƙafa biyu, rabi gargajiya rabi zamani.

Wani zai ce to a zubar da sunayen mana, waƙa biyu ce, mai daɗi da marar daɗi. Ba mu yarda ba. A intanet, waƙar da ba ta da suna ta faɗa rijiya. Ɗan Kurfai da ke ci-rani a Lagos ko Akara, mi zai rubuta ya samo kiɗan garinsu? Mai shirin rediyo ma da suna yake tsara filinsa.

Ga abin da muke gani. In za mu tura waƙa a WhatsApp ko Facebook, mu rubuta sunan mawaƙi da garinsu da abin kiɗansa, mu bar rubuta "tsohuwar waƙa" kawai. Masu turi su raba buhun gargajiya: na noma daban, na kokowa daban, na fada daban. Masu talho mai ɗaukar murya su zauna da tsofaffin makaɗan Shikal da Luma da Icigin, su tambaye su yadda su ke kiran kiɗansu, tun suna raye. Iyaye kuma, kafin a zagi abin da yaro ke ji, a karɓi talhon a saurara. In batsa ce, a hana don batsar. In kuka ne, a tambayi yaron mi ke damun sa.

Ku kuma, wane kiɗa ne kunka tashi kuna ji a garinku wanda yau ba a kiran sunansa? Ku rubuto muna a ƙasa, da sunan garin.