Idan asiri ya tonu, sojojin baka ba sa wanke mutum

Duk lokacin da abin kunya ya faɗo wa wani babba a ƙasar nan, salon kusan ɗaya ne: a musanta, a ce aikin maƙiya ne, sannan a saki sojojin baka a rediyo da Facebook su yi ta zagin wanda ya bankaɗo labarin.

Wannan hanya ba ta ɓullewa. A 1999, mujallar The News ta fallasa cewa Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin Jami'ar Toronto da yake iƙirari babu shi. Da farko ya musanta. Bai kai ƙarshen watan Yuli ba ya sauka yana hawaye, yana neman gafarar 'yan Najeriya.

A Yulin 2018, jaridar Premium Times ta ruwaito cewa takardar yafe hidimar ƙasa ta Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, jabu ce. Ta yi gum sama da wata biyu kafin ta ajiye aiki ranar 14 ga Satumba. A 2021 kotu ta ce tun asali hidimar ba ta wajaba a kanta ba, amma shirun ya riga ya bar jama'a da zargi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da kowa ke da waya a hannu. Mai riƙe da amanar jama'a ya fito da kansa, da wuri, ya yi bayani. In yana da gaskiya, ya kawo hujja. In ya yi kuskure, ya amsa, ya sauka, ya bari a yi bincike.