SANIN KASUWA: Shekarar da hannun jari ya faɗi a Nijeriya

Manomi ya san kasuwar hatsi, makiyayi ya san ta bisashe. Akwai wata kasuwa da ba a kai buhu ko rago, takarda ake saye. Sunanta kasuwar hannun jari. Kamfani mai neman kuɗɗi yana raba kansa kashi-kashi ya saida ma jama'a. Wanda ya sayi kashi guda ya shiga cikin masu kamfanin. In an ci riba, ƙarshen shekara a ba shi rabonsa.

Kuɗɗin takardar nan ba su tsayawa wuri guda. Kamar ragon layya ne: kwana ukku kafin salla kowa na so, ya yi tsada. Washegarin salla rago bai rame ba, amma kuɗɗinsa sun faɗi. Masu saye ne suka watse.

Ga abin da ya faru ga maƙwabtanmu na Nijeriya. A 2004 hukuma ta ce kowane banki ya tara jari na naira biliyan 25. Bankuna suka fito suna saida hannun jari. Ƴan kasuwa da malaman makaranta da ƴan fansho suka yi ta saye, da yawansu karo na farko ke nan. Wanda ya saya da kaka, kafin damina ya ga kuɗɗinsa sun hau. Maƙwabcinsa ya ji labari, shi ma ya tafi. Mafi muni, bankuna suka riƙa ba mutane bashi don su sayi takardun. Kaɗan ne suka tambayi ribar da kamfanin ke ci. Ganin kitse aka yi ma rogo.

Cikin watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya wuce 66.000. Daga nan iska ta juya. Kasuwannin Amurka suka rikice, kuɗɗin man fetur suka faɗi, baƙi masu jari suka kwashe nasu. Tsoro ya shiga, kowa na son saidawa, babu mai saye. Makiyayan da suka ga farin 1984 sun san irin wannan rana, da aka riƙa ba da saniya a kuɗɗin akuya. Cikin shekara guda ma'aunin ya sauko wajen 20.000.

Wanda ya saya da bashi shi ya fi shan wuya: takarda ta faɗi, bashi na nan, ruwansa na hawa. Wanda ya sa rarar kuɗɗinsa, rumbunsa cike, ya iya jira. Amma jiran ya yi tsawo, don sai a 2023 ma'aunin ya koma inda yake, naira kuwa ta rage daraja ƙwarai. Wanda ya zuba dukan abinsa a banki guda, wani ko jira bai fisshe shi ba: a 2011 hukuma ta karɓe bankuna ukku, masu hannun jarinsu suka tashi hannu wofi.

Nijar ma tana da irin wannan kasuwa, BRVM, da ta haɗa ƙasashe 8 masu sefa. Tana Abijan tun 1998, da ofishi a Yamai. Ba a saye a cikinta sai ta hannun dillali mai izinin hukuma, kuma mai saye yana da ikon ya nemi ganin lissafin ribar kamfanin kafin ya biya.