FILIN LAFIYA: Ciwon da ke canza halin mutum

Ga magidanci mai shekara 50, kowa ya san shi da kunya. Sannu-sannu sai ya canza. Ya ɗauki goro a faifan mai talla bai biya ba. Ya yi maganar banza gaban surukai. An yi rasuwa a gidansa, ko a jikinsa. Amma bai manta hanyar gona ba, bai manta masu riƙe da bashinsa ba. Sai a ce sammu ne, ko iskoki. Wani sa'i kuwa ciwo ne.

Ciwon yana cin ƙwaƙwalwa ta wajen goshi da ta gefen kai. Wajen goshi ke riƙe da kunya da tausayi da tsarin aiki. Gefen hagu ke riƙe da magana. Wani lokotoro mai suna Arnold Pick, a birnin Prag, shi ya fara bayyana shi a 1892. Ya fi kama masu shekara 45 zuwa 65. Ba ruɗewar tsufa ba ce, wadda ke farawa da mantuwa.

Wajen mutum 1 cikin 3 na masu shi, an taɓa yin irinsa a danginsu. Makiyayi ya san maraƙi na ɗauko launin uwa ko na uba. Abin da ke kai wannan gado shi ake kira ƙwayar gado. Masana sun gano manya guda 3 da ke kawo ciwon idan sun ɓaci, kowace da yadda ta fi nunawa.

Ta farko, MAPT, an gano ta a 1998. Tana kamu da wuri, wajen shekara 50. Sunayen abubuwa ke ɓacewa. Mutum ya ga hauya, sunanta ya ƙi zuwa. Daga baya ko an ce masa "hauya" bai san abin da ake nufi ba, shi da ya yi shekara 40 yana noma da ita!

Ta biyu, GRN, a 2006. Wajen shekara 60 take kamu. Magana na fita da ƙyar, shirya aiki ya gagara.

Ta uku, C9orf72, a 2011. Ita ta fi yawa a Turai. Hali ke canzawa, wasu su riƙa zargin iyali ko jin muryar da babu. Wasu kuma jiki ya mutu, har haɗiya ta yi wuya.

Idan uba ko uwa na da ita, kowane ɗa yana iya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Ba a ɗaukar ciwon ta cin tuwo tare.

Har yanzu babu maganin warkewa. Amma a kai mai shi likita, don akwai ciwuka masu kama da shi da ke jin magani. Kada a buge shi, kada a sa masa mari, ba da gangan yake yi ba. A yi masa magana gajera. Kuɗin gida da maganin ƙwari kuwa, wani ya aje su.