Martani: Baƙin Mai Ba Ya Maganin Ƙaiƙayin Kare

Wani marubuci ya shawarci masu karnukan gadi da na farauta cewa duk karen da ke susa ƙazuwa ce ta kama shi, a shafe shi da baƙin man mota, magana ta ƙare. Malam, wannan shawara ɓarna ce. Sau da yawa ƙuma ce sila, domin jikin wasu karnuka ba ya jituwa da yawunta, cizo kaɗan ya isa ya sa kare ya gwaguye gindin wutsiyarsa har gashi ya zube, fata ta yi ja tana tsattsafo ruwa. Ita ƙazuwar gaske gefen kunne da gwiwar ƙafar gaba take fara ci, kuma tana iya taɓa mutanen gida. Wani karen kuwa naman shanu, kaza ko madara ne ke tayar masa da ƙaiƙayi, kuma ba a tabbatarwa sai an sauya masa abinci na kusan mako 8.

Za ka ce ai an ga waɗanda suka warke bayan shafawa. To, mai na iya toshe numfashin wasu ƙwari, amma ƙwayayen ƙuma suna nan a shimfiɗar karen da ƙurar tsakar gida, kwana kaɗan za su ƙyanƙyashe. Kare kuma lasar jikinsa yake yi, gubar man ta wuce cikinsa. Batun tsadar zuwa wurin likita ma ba hujja ba ne, jinyar fatar da ta ruɓe ta fi cin kuɗi. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a kankaro fata a duba, sannan ya wanke makwancinsa.