Ra'ayinmu: Gwajin Suga a Gida Ba Ya Maye Gurbin Likita

Akwai wasu ƙananan kayan gwaji da ake sayarwa yanzu, waɗanda mutum zai soki yatsarsa a ɗakinsa, ya ɗiga jini, cikin 'yan mintuna su nuna masa matsakaicin sugan jininsa na watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Sunan gwajin HbA1c. Ga malamin da likita ya shaida wa cewa yana gab da kamuwa da ciwon suga, kuma albashinsa bai kai ya riƙa zaryar asibiti ba, wannan sauƙi ne mai jan hankali. Matsayinmu shi ne a yi amfani da kayan wajen bibiyar lafiya, amma hukunci a bar wa likita da ɗakin gwaje-gwaje.

Malamai za su fi kowa saurin gane yadda gwajin yake. Na'urar gwada suga da aka saba gani tamkar gwajin aji ce na rana ɗaya, tana faɗin yadda sugan yake a wannan sa'a kaɗai, kafin koko da ƙosai ko bayansu. HbA1c kuwa tamkar sakamakon ƙarshen zango ne. Suga yana manne wa himoglobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kuma ƙwayoyin suna rayuwa kusan kwana 120. Abin da ake aunawa shi ne kashi nawa cikin ɗari na himoglobin suga ya manne wa. Shi ya sa ba a bukatar a kwana da yunwa kafin a yi shi.

A ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, ƙasa da kashi 5.7 lafiya ce, daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin gaɓa, 6.5 zuwa sama kuma ciwon suga ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da iyakar 6.5 a shekarar 2011. Tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Kuskuren rabin maki ya isa ya kwantar da hankalin wanda ciwo ya riga ya kama, ko ya hana mai lafiya barci.

A ƙasarmu kuwa hanyoyin wannan kuskure suna da yawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da jini nau'in AS, kuma akwai hanyoyin gwajin HbA1c da ba sa bayar da sahihin sakamako idan jini yana ɗauke da himoglobin na S ko na C. Mai sikila, wanda ƙwayoyin jininsa ke mutuwa da wuri, ba a dogara da wannan gwaji a kansa. Ƙarancin jini da rashin sinadarin ƙarfe ke haifarwa yana iya ɗaga lambar sama da gaskiya. Zubar jini, ƙarin jini, da zazzaɓin cizon sauro mai fasa ƙwayoyin jini suna iya saukar da ita. Juna biyu ma yana sauya ta. Sannan ga zafi: kwalin da ya kwana a kanti ko a aljihun mota cikin watan Afrilu ba lalle ne ya yi aikinsa daidai ba.

Don haka muna jan hankalin 'yan'uwa da iyalansu a kan abubuwa huɗu. A fara tabbatar da matsayin mutum a asibiti, tare da gwajin suga na safe kafin a karya, inda ma'aunin da muka ambata ya sa 100 zuwa 125 a matsayin bakin gaɓa. Kowa ya san nau'in jininsa, AA ne ko AS ko wani, ya kuma faɗa wa mai gwajin. Kada a maimaita HbA1c kafin wata uku, domin ɓarnar kuɗi ce, jinin bai gama sauyawa ba. Na ƙarshe, kada kowa ya fara shan magani ko ya daina saboda lambar da ya gani a gida.

Sanin lamba ba ya sauke ta, sai an tashi an yi aiki. A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da ke gab da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Minti 150 shi ne tafiyar sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako. Tsayuwa gaban allo tana gajiyarwa, amma ba ita ake nufi ba. Lemon kwalba a ofishin malamai, shayi mai cokali uku na suga, da malmalar tuwo biyu gab da kwanciya, nan ne gyara zai fara. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu a ƙungiyance. Inda ake cire kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashin malamai, haƙƙinmu ne mu nemi bayani a rubuce kan gwaje-gwajen suga da tsarin ya ƙunsa, mu kuma nemi a saka HbA1c idan babu shi. Muna kira ga wakilan makarantu su kawo wannan batu a taron reshe mai zuwa, domin a tsara da ma'aikatan lafiya yadda za a gwada malamai da iyalansu kafin ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya. Allah Ya ƙara mana lafiya.