Ina Kujerar Mai Bandar Kifi?

Duk ranar da aka kira taro kan makomar kamun kifi a tafkin Chadi ko dausayin Hadeja da Nguru, ku duba waɗanda aka gayyata. Sarkin ruwa yana nan, shugabannin masunta suna nan, dillalai da jami'ai sun cika ɗaki. Matar da ke tsaye cikin hayaƙi tun asuba tana bandar tarwaɗa, ita ce ba a gani. Masu rubuta takardar gayyata sun tsallake sunanta, kuma shekara da shekaru suna tsallakewa.

Alhali kifin nan ta hannunta yake bi. Ita ke feɗe shi, ita ke wankewa, ita ke jerawa a kan waya. Idan ƙarfasa ta fara ƙanƙancewa, ita ke fara lura. Idan wani ya shiga ruwa da gidan sauro ya kwaso 'ya'yan kifi, a kwanonta suke zubewa. Idan an zuba guba a tafki, tana gane kifin da ido. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a Nguru, damina ta rikice, amma masu rubuta gayyata har yau ba su tambaye ta abin da ta gani ba.

Kada wani ya ce mata ba za su iya riƙon ruwa ba. A ƙasar Gambiya, a 2007, Fatou Janha Mboob ta haɗa matan da ke cire kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, suka kafa ƙungiyar TRY. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon cin gajiyar kawa a dausayin Tanbi, su kaɗai. Mata kusan 500 ne. Da bakinsu suka amince a rufe cire kawa wata takwas a shekara domin ta girma, suka daina sare saiwar itatuwan da take maƙalewa a jiki, suka koma dasa sababbi. A shekarar ne suka karɓi lambar yabo ta Equator. Abin da aka ba su iko ne a rubuce, wanda hukuma ke mutuntawa.

To, bari in tsaya kan itace, domin nan ne zuciyata ke ƙuna. Kowane kwandon banda da ya bar Baga zuwa kudu, itace ya ci. A yankin da hamada ke matsowa ake sare bishiya a gasa kifi, hayaƙin kuma yana shiga ido da ƙirjin uwa da na goyon da ke bayanta. Tun 1969 aka ƙera murhun Chorkor a Ghana, mai farantai hawa-hawa, wanda ke rage cin itace ƙwarai. Fiye da shekara hamsin ke nan! Me ya hana ya wadata a tungayenmu? Wadda hayaƙi ke kashe wa ido ba ta cikin ɗakin da ake raba kuɗin aiki, shi ya sa injin jirgi da taru ke shiga kasafi, murhu ya kwana a waje.

Don Allah, ku masu rubuta gayyata, ku gyara takardarku. A kowane kwamitin ruwa a ba masu banda kujera da ƙuri'a. A ba ƙungiyoyinsu rance su gina murhu. A tsaya musu idan suka haɗa baki suka ƙi sayen ƙananan kifi, domin duk masuncin da ya rasa mai saye, gobe ba zai sake shiga ruwa da gidan sauro ba.